Mangostin a gonar bayan Epe: in shuka ko in haƙura?

Baban Khalifa (Ketu):
Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema don Allah. Yawancinku kun san sana'ata kayan marmari ce a kasuwar Ikosi nan Ketu, shekara 16 ke nan ina cikinta. To makon jiya wata kwastomata da ke zaune a Ikoyi ta zo min da wasu 'ya'yan itace guda uku a leda, ta ce in ana samun irinsu in dinga ajiye mata, wai mangostin sunansu, a wani babban kanti na Victoria Island ta saya, kuma da ta faɗi kuɗin sai da na ce ta maimaita don na ɗauka ban ji daidai ba. Girmansa kamar ƙaramin lemo, bawon ja ne mai duhu kamar zobon da aka dafa ya yi kauri, da ɗan koren hula a kansa. Na sa shi tsakanin tafukan hannuna na matsa sai ya tsage, cikin fari tas sala-sala kamar tafarnuwa, na sa a baki wallahi narkewa yake yi, zaƙi da ɗan tsami kaɗan, duk abin da nake sayarwa babu mai wannan ɗanɗanon. Tun ranar abin ya tsaya min a rai. Ina da eka uku a bayan Epe ta hanyar Ijebu-Ode, na saya tun 2019, rogo ne kawai a ciki yanzu. Tunanina in cire rogon in cika gonar da wannan itacen tunda ban ga mai yin sa ba a ƙasar nan. Wanda ya san kan abin ya taimaka min kafin in zuba kuɗi.

Sadiq Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Yaya. Wlh ka zo da magana, ni na daɗe ina kallon bidiyonsa a YouTube, sarauniyar 'ya'yan itace ake ce masa a can Asiya. Ka shiga kawai kada ka tsaya jinkiri, irin wannan harkar wanda ya fara shi ke kwasa, kafin mutane su farga kai ka yi nisa.

Alhaji Mai Goro (Agege):
Baban Khalifa ɗora mana hotonsa mu gani, da na cikin da na bayan. Kai kuma Sadiq bi a hankali, ba a cewa mutum shiga kawai a maganar gona.

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum. Alhaji barka da yamma, Allah ya ƙara girma. Na ga hoton, shi ne kuwa mangostin na asali. Abin da zai ba ku mamaki, ɗan uwan namijin goro ne na jini, wanda Yarbawa ke cewa orogbo. A karatun tsirrai dukkansu dangin Garcinia ne, namijin goro Garcinia kola, shi kuma Garcinia mangostana. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne, yankin Maleshiya da Indunusiya, kuma yau Tailan ce kan gaba wajen fitar da shi waje.

Maganar ko zai yi a nan, eh yanayin kurmi ya dace da shi. Yana son zafi mai laima, ma'aunin 25 zuwa 35, da ruwan sama sama da milimita 1,300 a shekara, Legas kuwa muna samun fiye da 1,500. Yana son ƙasa mai zurfi mai taki wadda ke riƙe danshi amma ruwa ba ya kwanciya a kanta, ba ya son rairayi, ba ya son iskar teku mai gishiri, saboda haka masu fili a bakin ruwa wajen Lekki ko Badagry su cire rai. Arewa kam ba a ma magana, zafin Afrilu na Kano da bushewar hunturu za su gama da shi.

Amma Baban Khalifa ga inda gizo ke saƙar. Itacen nan nawa ne da shi na ban mamaki. In ka shuka ƙwaya yau, sai ya yi kamar shekara biyu a leda ƙarƙashin inuwa kafin ya kai tsawon kamu ɗaya da rabi a dasa shi. Daga shuka zuwa 'ya'yan farko shekara 8 zuwa 10 ne in komai ya tafi daidai, in ya sha wahalar ruwa ko taki yana iya kai wa 15. Kuma 'ya'yan farko ba su da yawa, sai ya ƙara wasu shekarun kafin ya cika. Saiwarsa guda ce doguwa mai rauni, ba ta da gashin saiwa sosai, shi ya sa ba ya saurin girma kuma in ka karya ta wajen dashe ka yi asara.

Baban Khalifa (Ketu):
Innalillahi, shekara goma Malam? Ni na ɗauka kamar mangwaron aure ne shekara uku zuwa huɗu a fara tsinka. Khalifa yanzu yana aji huɗu na firamare, ke nan sai ya shiga jami'a kafin in sayar da kwando ɗaya.

Alhaji Mai Goro (Agege):
Da Malam ya ce ɗan uwan namijin goro ne sai na gane halinsa tun kafin ya ƙarasa. Ni a huhun goro na tashi, mahaifina Allah ya ji ƙansa goro ne ya kawo shi Agege, kuma na yi shekaru ina shiga ƙauyukan Shagamu da Ondo sayen kaya. Duk manomin da na taɓa sayen namijin goro a hannunsa, in ka tambaye shi wa ya shuka bishiyar zai ce maka babansa ko kakansa, ban taɓa jin wanda ya ce ni na shuka bara waccan ba. Kuma ba za ka ga gona guda ta namijin goro zalla ba, a'a, jefi-jefi yake a cikin koko da goro, bishiya biyar can, goma can. Mutanen nan ba rashin wayo ya sa suka yi haka ba, sun san ba a ɗora cikin iyali a kan itacen da ba ya sauri. Koko ne ke ciyar da gida, shi wancan in ya zo riba ce a kan riba.

Garba Ikorodu:
Bari in ba ku nawa labarin don ni na taɓa wutar nan da hannuna. A 2021 na ga wani yana talla a intanet wai yana da irin mangostin daga waje, na tura kuɗi aka aiko min ƙwaya 40 a ambulan, a bushe ƙayau kamar gyaɗar da aka soya. Na haɗa ƙasa mai kyau da takin kaji da ya ruɓe, na jera ledoji a bayan ɗakina, safe da yamma ina ba su ruwa har wata biyu, ko ɗaya bai tsiro ba, da na tona sai na tarar sun ruɓe. Na kira mutumin ya ce laifin ƙasata ne, daga baya ma lambar ta daina shiga. Ban haƙura ba, wani abokina ya samo min dashe guda shida a wajen wani mai sayar da furanni, su kam sun zo da ganyensu kore shar, manya masu kauri kamar fata. Na kai su gona na dasa a fili tsakar rana kamar yadda muke dasa mangwaro. Damina ta wuce lafiya, suna nan ba su mutu ba kuma ba su ƙaru ba, ganye biyu kacal kowanne ya ƙara. Da hunturu ya shigo a Janairu na yi tafiya gida Katsina sati uku bikin ƙanwata, yaron da na bar wa amana bai ba su ruwa ba, na dawo na tarar gefen ganyen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa ya nannaɗe, huɗu sun tafi. Biyun da suka rage waɗanda ke kusa da gindin ayaba ne, inuwar ce ta cece su. Suna nan har yau, ɗayan ya kawo min ƙugu. Ba na hana ka Baban Khalifa amma ka ji da kunnenka.

Ɗan Samaru:
Malam Garba sannu, Allah ya mayar da alheri. Ba laifin ƙasarka ba ne ko kaɗan. Ƙwayar mangostin ba ta jure bushewa, in aka ciro ta daga cikin ɗan itacen kwanaki kaɗan take yi ta mutu, sanyin firij ma yana kashe ta. Duk wanda ya ce zai aiko maka busasshen iri a ambulan to gawa zai aiko maka. Ana ciro ta ne a wanke a shuka nan take, cikin sati uku sai ta tsiro. Kuma ba kowane sala ke da ƙwaya ba, a ɗan itace guda da ƙyar ka samu ɗaya ko biyu masu kyau, a cikin salar da ta fi girma.

Wani abin kuma, itacen nan ba shi da namiji. Duk bishiyoyin da ake nomawa mata ne, ƙwayar tana samuwa ba tare da barbara ba, saboda haka abin da ka shuka kwafin uwarsa ne sak. Alherin wannan shi ne ba ruwanka da matsalar da masu dabino ko gwanda ke sha ta rainon namiji shekaru ba su sani ba. Ana yi masa aure kamar mangwaro kuma yana ɗan rage shekarun jira, sai dai bishiyar kan tsaya ƙarama 'ya'yan ba su kai na ƙwaya yawa ba, shi ya sa manoman Asiya har yau galibi ƙwaya suke shukawa.

A kula da masu sayar da dashe kuma. Dangin Garcinia suna da yawa, akwai wani ma ɗan Afirka da ake kira imbe, wasu na ce masa mangostin na Afirka, 'ya'yansa ruwan lemo ne ba wannan ba. In ba ka ga uwar bishiyar da 'ya'ya a jikinta ba, za ka iya yin shekara goma kana rainon wani abu daban.

Maman Ilham:
Salam, ina ta bin maganar ina shago ne. Ni na ci shi ya fi a ƙirga don ina zuwa Bankok da Guangzhou saro kaya. A Bankok in lokacinsa ya yi wajen watan Mayu zuwa Yuli, tsibi-tsibi ake zuba shi a bakin titi kamar yadda muke zuba mangwaro a Mile 12 in ya yi yawa, talaka ma yana saye da kilo. Wata mai sayarwa ce ta koya min a juya ƙasansa, akwai wani ɗan tambari kamar fure, yawan kunnuwan furen shi ne yawan salar da ke ciki, na ƙirga shida na fasa na samu shida. Ta kuma ce in na matsa na ji bawon ya yi tauri kamar dutse kada in saya, ya faɗo ƙasa ne ko ya kwana biyu. Kuma wallahi haka ne, wani in ka fasa sai ka ga wani ƙaro rawaya ya ɓata cikin, ɗaci kamar maɗaci, wani kuma naman ya koma garai-garai kamar ƙanƙara ya yi gardi ba daɗi. Jan bawon kuma in ya taɓa farin mayafi sai dai haƙuri.

Abin da nake so Baban Khalifa ya gane, tsadar da ya gani a Victoria Island kuɗin jirgin sama ne da dala, ba wai asalin kuɗin abin ba ne. A gidansu araha yake. Har na ji lokacin korona a 2021 manoman kudancin Tailan sun yi kuka sosai da farashi ya faɗi saboda kayan sun kasa fita.

Sadiq Idi-Araba:
To ai Anti wannan ma hujja ce a gare mu, in mun noma a nan babu kuɗin jirgi ke nan ribar tamu ce. Kuma ba sai mun tsaya kasuwar Legas ba, a fitar da shi Turai da Dubai a karɓi dala. Ga shi kuma an ce bawonsa magani ne har kansa yana warkarwa, akwai masu sayar da ruwansa a kwalba da tsada.

Maman Ilham:
Sadiq ƙanena don Allah kada mu yaɗa maganar kansar nan a guruf, akwai masu marasa lafiya a cikinmu. Mutanen can suna dafa bawon su sha don gudawa tun zamanin kakanninsu, wannan sananne ne, amma babu wani tabbaci daga likitoci cewa yana warkar da kansa. Kada wani ya bar asibiti ya kama sayen kwalba.

Abu Ammar (Apapa):
Ni bari in yi magana a kan ɓangaren da na sani tunda fiton kaya nake yi a tashar Apapa. Na farko shigo da iri ko dashe daga waje ba a yin sa a ɓoye cikin jaka, akwai hukumar NAQS mai kula da shige da ficen tsirrai da dabbobi, sai ka nemi izininsu tun kafin kayan su taso kuma su zo da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka ɗauko, in ba haka ba a filin jirgi za a karɓe a ƙona, kuma da gaskiyarsu don ta haka cututtukan gona ke shigowa ƙasa.

Na biyu maganar fitarwa Sadiq, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Babbar mai sayen mangostin a duniya Chaina ce, kuma Tailan da Indunusiya da Biyetnam suna kusa da ita, Tailan ma ta mota take tura mata. Ta yaya za ka yi gasa da su daga Epe? Amurka kanta sai a 2007 ta yarda a shigo mata da ɗanyensa daga Tailan, shi ma da sharaɗin a haska shi da na'ura a kashe ƙwari. Ɗan itacen yana son sanyi daidai wajen ma'auni 13, in ya yi ƙasa da haka sosai ya lalace, in babu sanyin kuma kwanakinsa kaɗan ne, ko da sanyin ma sati uku zuwa huɗu ne. Ka tuna yadda kwantena ke kwana a layi a hanyar tasha, ka tuna kuɗin dizal na janareta. Mu da muke fama da fitar da doya da barkono ba tare da an dawo mana da su ba. In za a yi, a yi don kasuwar gida tukuna, otal-otal da manyan kantuna na Legas da Abuja da Fatakwal, wannan kam akwai ta kuma dala ta sa na waje ya fi ƙarfin mutane tun da aka saki naira a 2023.

Shehu Tumatir (Mile 12):
Ni tambayata ɗaya ce kuma ta ɗan kasuwa ce, wa zai saya? Matar Ikoyi guda nawa ce? Yau in ka sauke kwando 200 na abin nan a Ketu wa ya san shi? Mama mai tire da ke yawo a Ojota ba za ta ɗauki abin da sai ta yi wa kowa bayanin yadda ake fasa shi ba. Kuma na ji an ce bawon ya fi naman yawa, mutumin mu in ya sayi kilo ya ga kashi biyu cikin uku bawo ne zai ce an cuce shi. Mu fa a tumatir mun san zafin kayan gwari, mota ta kwana ɗaya a hanya ka tashi da rabin kaya. Ni da eka ukun nan tawa ce kwakwar manja zan zuba, irin tenera na NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja da ke Benin, shekara uku zuwa huɗu ka fara yanka kuma manja ba ya kwantai a ƙasar nan har abada.

Baban Khalifa (Ketu):
Shehu maganarka gaskiya ce ta wani ɓangaren amma a nan kam zan ɗan ja da kai, don wannan layina ne. Lokacin da na shigo kasuwar nan wa ke sayen sitiroberi na Jos a Legas in ba Turawa da 'yan Labanan ba? Yau yara ke yawo da shi a go-sulo. Inabi da tuffa ma ai da na masu kuɗi ne. Bakin mutanen Legas a buɗe yake, abin da suke so kawai su ɗanɗana sau ɗaya. Kuma dubi yadda ake rububin agwaluma in lokacinta ya yi daga Disamba zuwa Maris, ita ma ai zaƙi da tsami ce kuma ƙwallo da bawo sun fi naman yawa, ba wanda ya taɓa cewa an cuce shi. Wanda ke son agwaluma in ya ɗanɗana wannan ba zai tsaya ba. Ni ban ji tsoron kasuwa ba wallahi, ina da kwastomomin otal uku da nake kai wa kaya duk sati. Shekarun nan ne suka karya min gwiwa, da kuma inda zan samu iri na gaskiya.

Alhaji Mai Goro (Agege):
Akwai abin da ba wanda ya taɓo kuma shi ya fi damuna. Ɗana, filin nan naka wace takarda ke hannunka? Rasit ɗin iyalin da suka sayar maka ne kawai, ko ka yi safiyo an shigar da shi a ofishin filaye? Ina tambaya ne don rogo in rigima ta taso wata tara ne ka tuge abinka ka tafi, amma bishiyar shekara goma ba ta tuguwa. Na ga wani bawan Allah ɗan garinmu da ya dasa lemo da kashu a wani ƙauye, shekara shida yana wahala, bishiyoyi suna fara 'ya'ya sai wani reshe na dangin masu filin ya taso wai ba da saninsu aka sayar ba, ƙarshe da kuka ya baro wurin. Kuma yankin Epe yanzu ido ya dawo kansa tun da aka buɗe tashar jirgin ruwa ta Lekki da matatar Dangote, filin da ba wanda ya kula da shi da yanzu kowa na so. Gwamnatin Legas ta yi dokar hana ƙwacen fili a 2016, amma doka tana taimakon wanda ke da takarda ne. Ka fara gyara wannan kafin ka sayi dashe ko ɗaya. Sannan ka zauna lafiya da baale, wato mai garin ƙauyen, da maƙwabtanka na gona, ka dinga gaishe su kana kai musu ɗan alheri, mu baƙi ne a nan kuma su ne za su tsare maka bishiyar ranar da ba ka nan.

Baban Khalifa (Ketu):
Baba Alhaji Allah ya saka da alheri. Akwai rasit da yarjejeniya da lauya ya rubuta, shugaban iyalin da mutum uku sun sa hannu, safiyo ma an yi an kafa duwatsu, amma ban kai ga shigar da shi a ofishin filaye na Alausa ba gaskiya, kullum ina cewa sai na samu sarari.

Ɗan Samaru:
To ka samu sararin yanzu. Bari in yi mana lissafi a fili kowa ya gani. Ana ba shi tazarar mita 8 zuwa 10 don bishiyar tana girma ta yi faɗi, ke nan hekta guda tana ɗaukar 100 zuwa 150, eka ukunka kuwa hekta ɗaya ce da ɗan ɗori. Bishiyar da ta fara haihuwa tana ba da 'ya'ya 200 zuwa 300, wadda ta cika wajen 500, tsofaffi masu shekara 30 zuwa sama suna iya haura 1,000, kuma tana rayuwa har ta kusa shekara ɗari tana bayarwa. Kamar guda goma ke yin kilo. Bishiya 100 a kan 500 tan biyar ke nan a shekara mai kyau, don yana da halin yin yawa bana ya rage baɗi. Ba laifi, amma wannan lissafin shekara ta 15 ne ba ta 5 ba.

Aikin kuma ba na malalaci ba ne. Daga Disamba zuwa Maris dole ka ba shi ruwa, ke nan rijiya ko bohol da mai kula na dindindin, ka ji abin da ya samu Malam Garba. In ya girma yana son ɗan fari na sati biyu zuwa huɗu sannan a sake masa ruwa, wannan ne ke sa shi fure, daga fure zuwa nuna wata uku zuwa huɗu. Ruwa mai yawa dab da nuna shi ke kawo garai-garan nan da ƙaron da Hajiya Maman Ilham ta faɗa. Ba ya nuna lokaci guda, duk bayan kwana biyu ko uku sai an zagaya an tsinka da hannu ko da gora mai 'yar jaka a baki, ba a kaɗo shi kamar mangwaro, in ya bugi ƙasa bawon ya ƙandare. Ga jemagu da ɓeraye da birai in akwai daji kusa.

Shawarata kada ka cire komai don shi. Ka ware rabin eka a inda ƙasar ta fi danshi da zurfi, ka fara dasa agade da ayaba su yi inuwa, bayan wata shida ka sa mangostin 20 zuwa 25 a tsakaninsu, ka lulluɓe gindin da ciyawa da ganyen ayaba. Agaden cikin shekara guda zai fara biyan kuɗin lebura. Sauran filin ka yi abarba ko kwakwar da Shehu ya faɗa ko koko, ka ga yadda kuɗin koko ya haura dala 10,000 a tan a 2024. Kuma ka leƙa NIHORT a Ibadan, cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itace ce, ka tafi da ƙasar gonarka a gwada, ka tambaye su ko sun san inda uwar bishiya take a ƙasar nan.

Sadiq Idi-Araba:
Ni dai Malam ina ganin 25 ta yi kaɗan wlh. In abin ya karɓu bayan shekara goma zai ce da na sani da na cika gonar, sannan ya sake jiran wata goman. Ai Kolombiya ma ba asalinsu ba ne kai musu aka yi, yanzu ga shi suna nomawa har suna fitarwa. Wani ne ya yi ƙarfin hali ya fara.

Garba Ikorodu:
Sadiq samun dashe 25 na gaskiya ma aiki ne, ni shida na samu da ƙyar kuma har yau ban da tabbacin su ne sai ranar da suka haihu. In ashirin ɗinsa suka yi, ai ya samu irin kansa sabo daga bishiya, lokacin ya cika gonar da hujja.

Abu Ammar (Apapa):
Na tuna wani abu, na ga ana sayar da shi a bakin hanya a Abijan lokacin da na je wani aiki, mangustan suke ce masa da Faransanci, kuma na can Kodebuwa ne ba na jirgi ba. Yanayinsu kusan irin namu ne. In za a nemi iri ta hanyar da doka ta yarda, can ya fi Bankok kusa nesa ba kusa ba, ɗan itacen zai iso da ransa a ciro ƙwayar a shuka a ranar.

Alhaji Mai Goro (Agege):
Madalla da wannan. Baban Khalifa kada shekarun su tsorata ka in dai ba bashi za ka ci ba kuma ba jarin shagonka za ka taɓa ba. Ya zo a hadisi cewa duk musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Ni yau shekarata 68, da ina da fili a kurmi da na sa biyar.

Baban Khalifa (Ketu):
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar. Litinin in sha Allahu zan fara bin maganar takarda a Alausa. Akwai wani kwari a gabashin gonar kusa da rafi inda ƙasar baƙa ce ba ta bushewa da wuri, nan zan sa agade da ruwan farko na bana, rogon sauran wurin ya zauna yadda yake. Malam Ɗan Samaru in kana da sarari ranar Asabar ta sama mu je ka ga ƙasar da idonka, ni zan ɗauki nauyin mota. Malam Garba don Allah ɗauko mana hoton biyun nan naka, ganyen sama da ƙasa da inda reshe ya fito, Malam ya duba mana ko su ne. Abu Ammar kai kuma ka binciko min yadda ake neman izinin nan da abin da ake biya.

Ɗan Samaru:
Asabar ta yi, amma mu fita da asuba kafin hanyar Ikorodu ta cushe. Ka tanadi diga da shebur, rami za mu haƙa mai zurfin mita guda a kwarin mu ga inda ruwa yake tsayawa, da ledoji masu tsabta guda biyar na ɗibar ƙasa.

Garba Ikorodu:
Ku biyo ta wajena ai hanya ce, ku gan su a tsaye ya fi hoto. Ɗayan ma ya fito da sabon ganye jajaye guda biyu shekaranjiya.